A Roni Ba A Cewa “Ban Sani Ba”

Mu faɗa wa juna gaskiya, tun da yau ba baƙo a zauren. Yaushe rabonka da ka ji mutumin garin nan ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce “ban sani ba”? Ni na lalube ƙwaƙwalwata kaf. Na tuno ranar da aka yi husufin rana, na tuno shekarar da aka canja kuɗi, na tuno har safiyar da aka kai mu gidan wanzami, amma wannan rana ban tuno ta ba. A kama mu da talauci, ba komai, na Allah ne. A kama mu da bashi, wa ya tsira? Amma a jefo tambaya a ce ɗan Roni yana zaune bai tanka ba, wannan abin gori ne da zai bi mutum har jikokinsa. Ka tambaye shi nisan da ke tsakanin ƙasa da wata, zai ɗaga kai ya kanne ido ɗaya kamar mai awon gona, ya yanko maka lissafi har da 'yan kai. Kuma kada mutanen Kazaure da Gwiwa da Babura su gyara zama suna dariya, su ce da maƙwabta ake. Duk kanwar ja ce, jirgi ɗaya ya ɗebo mu.

Jami'armu ba ta da ƙofa, ba ta da kuɗin makaranta, sai kuɗin shayi, shi ma a rubuce yake. Teburi ne mai ƙafa uku da rabi, an tokare rabin da bulo. Ga gwangwanayen madara an jera su kamar dalar gyaɗa, ga burodi cikin leda, ga kiret ɗin ƙwai a gefe, tukunya tana ta tururi a kan murhu, rediyo kuma yana rataye a ƙusa, an ƙara wa eriyarsa tsawo da guntuwar waya. Ana shiga aji bayan sallar isha'i. Malaman kowa ya san su. Akwai tsohon hedimasta, wanda ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba. Akwai direban da ke jigila zuwa Kano ta Ɗambatta. Akwai tela. Akwai ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, mai zuwa gida ƙarshen mako da waya a tafin hannu. Sai wani dattijo manomi can ƙarshen benci, shayinsa baƙi ba madara, maganarsa ba ta wuce uku a dare. Ni ma ina ciki, kada a ce na tsame hannuna.

Ran nan rediyo ya ambaci Ostireliya, sai direba ya dire kofi ya ce ai Sidini, babban birninsu, gari ne na gani na faɗa. Ɗalibi ya ce, “Kawu, ai Kanbera ce babban birnin.” Direba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai yaro, ni da nake kwana a kan titi za ka koya wa gari?” Mutumin da iyakar tafiyarsa Zariya, ita ma amarya ya kai. Tela ya shigo rabon faɗa, ya ce irin wannan ruɗani ba a yin sa a Turkiyya, kowa ya san Santambul ce hedikwata, tun da daga can ake kawo yadi mai kyau. Babban birnin Turkiyya dai Ankara ne tun 1923, amma har yau tela bai ankara ba, mu kuma ba mu tashe shi ba, don ɗinkin sallarmu yana hannunsa.

In ana neman wanda ya lalata mu, a kama rediyo. Tun 1957 BBC take zuba mana labarin duniya da Hausa, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa ta zo a makare a 2007 amma ita ma ta samu benci. Da can mutum zai sayi ambulan da kan sarki, ya roƙi ɗan makaranta ya rubuta masa wasiƙa zuwa shirin Amsoshin Takardunku, yana tambayar kogin da ya fi kowane tsawo a duniya, ya yi makonni yana kasa kunne. Ranar da aka karanto sunansa da na garinsu daga Landan, amsar ma ba ya jin ta, ihun murna ya danne ta, daga ranar kuwa ba mai sake yi masa musu a kan harkar ruwa. Shi ya sa za ka ga mutum bai taɓa riƙe taswira ba, amma zai lissafo maka ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, ba tuntuɓe. Ya san Zirin Gaza, ya san Mashigin Hormuz, ya san fadar Kremlin, yana kiran shugabannin ƙasashe da sunansu na yanka kamar tare suka yi makarantar allo. An ce kunne ya girmi kaka. Namu kunnen har fasfo gare shi.

Sai an juyo gida ake ganin gwiwa ta fara sanyi. Ka ce a lissafo Hausa Bakwai. Nan da nan yatsu za su fara lanƙwashewa: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir. A ɗan sosa ƙeya, Rano ta fito. Ta bakwai fa? Wani ya ce Sakkwato, wani ya ce Zamfara, direba ya ce Kazaure don kishin gida. Biram ce, wato Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, a cikin jiharmu, ita muke mantawa kullum. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ka sake tambaya Babura a wace masarauta take, rabin benci zai rantse Kazaure, alhali ta Ringim ce. Tamu masarautar ƙananan hukumomi huɗu ta ƙunsa, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Wanda ya san ranar da aka haifi Messi sai ya yi ta kame-kame in aka ce ya ba da labarin Ɗan Tunku, wanda ya taso ta Ɗambatta ya kafa masarautar nan wajen 1819 daga gefen ƙasashen Kano da Katsina da Daura, ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Dambo, ɗan shi Ɗan Tunkun, ya gaje shi a 1824. Abin da muka riƙe gam shi ne zancen nan da ake yi cewa sunan Kazaure daga “kamar zaure” ya samo asali saboda duwatsun da suka kewaye garin, don yana da daɗin faɗa, kuma yana burge baƙo. Hedimasta kuwa yana da makami guda da yake ajiyewa sai ranar da aka ƙure shi: an ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, ƙananan hukumominta kuma 27 ne. In ya faɗa sai ya yi shiru yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya ba Babangida shawara.

Wani dare shi hedimastan ya so ya kunyata mu gaba ɗaya. Ya ce su wane ne mutum biyun da ke jikin naira 1000? Aka fara laluben aljihu, aka rasa mai ita, sai da mai shayi ya zaro wata daga gwangwaninsa, ya riƙe kusurwarta bai saki ba, don ya san da wa yake zaune. Kafin a haska tocila an riga an ba da amsa huɗu, har da mai cewa ɗaya daga cikinsu surukin Sardauna ne. Da haske ya sauka sai ga sunayen a rubuce ƙarƙashin hotunan: Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin Najeriya. Shekara da shekaru muna bin takardar nan da gudu, ba mu taɓa tsayawa mun gaisa da mutanen cikinta ba. Ta Murtala ma da muke ji da ita, ƙalilan ne suka taɓa juya bayanta suka san matar nan mai ginin tukunya Ladi Kwali ce. Direba ya ce shi ya sani tuntuni, jira yake ya ga wanda zai faɗa.

Ƙwallo kuwa, nan ne ilminmu ya kai digirin digirgir. A gidan kallo ba a cewa “sun”, sai “mun”. Mun sayi ɗan wasa, mun sayar, mun kori koci, mutumin da bai biya kuɗin shiga ba yana faɗin fam miliyan nawa “muka” kashe a bana. 'Yan Arsenal suna karanto kakar 2003 zuwa 2004 da suka yi wasa 38 ba a doke su ba kamar hadda. Wasan Atlanta na 1996 kuma, da Burazil ta sa mu a gaba da ci 3 da 1, Kanu ya farke a ƙarshen lokaci ya kuma ƙara ta zinare aka tashi 4 da 3, sannan aka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe da ƙwallon Amuneke, har yaron da aka haifa bayan shekara goma yana ba da labarinsa da “ina gani da idona”. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, wannan ana tunawa sama-sama. Ka ce a kawo sunan mutum uku a Jigawa Golden Stars, sai kowa ya tuna shayinsa yana hucewa.

Amma sarkin labaranmu shi ne wasan Indiya da Najeriya, wanda aka ce an tashi 99 da 1. Kowa yana da kawu da ya ji shi a rediyo. In Indiyawa suka bugo, ƙwallo sai ta zama zaki, gola ya ruga. In namu suka zo bugawa sai ta zama dutse, wanda ya daure ya ci ɗayar ma ƙafarsa ta tafi, shi ya sa aka hana Indiya ƙwallo har abada. Wasan nan ba a taɓa yin sa ba, ko a mafarki. Hedimasta ya yi ƙoƙari wata rana, ya bayyana cewa Indiya ta samu gurbi a gasar kofin duniya ta 1950 a Burazil, ita da kanta ta fasa zuwa. Tela ya buga cinya ya ce, “Kun ji ko! Allah gafarta Malam ma ya tabbatar, ba su je ba. To me ya hana su in ba asirin ba?” Malam ya zo kashe wuta, ya tafi ya bar mana ƙarin itace.

Indiyawan nan dai ba su bar mu haka ba, sun biyo mu ta fim. Ƙa'idarmu tun muna leƙen taga ita ce jarumi ba ya mutuwa, in ma ya mutu to tagwaye ne. Sai mai neman rigima ya tuno da Sholay na 1975, inda Amitabh ya mutu murus a ƙarshe, daga nan dare ya tafi. A cikin gida abin ya fi nan. Innarmu ba ta san ko Bombai gabas take ko yamma ba, amma ta san Amitabh ya auri Jaya, ɗansu Abhishek ya auri Aishwarya, tana kuma da ra'ayi a kan yadda surukar take zaune da uwar miji. Ta san dangantakar kowa da kowa a Daɗin Kowa. Mu maza muna yi musu dariya, alhali su ne masu kundin gaske. Ka ambaci wata yarinya a Amaryawa ko Zugai, Inna za ta ba ka uwarta da kakarta da gidan da kakar ta fara aure, ta ƙara da adadin kwanon da suka kawo gudummawa a bikin da aka yi shekara goma sha biyar, da wanda suka karɓa ba su rama ba. Ba littafi ba biro, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Mu da muke taƙama, ka ce wane ne fim ɗin Hausa na bidiyo da ya buɗe kasuwar Kano, sai a ce Sangaya ko Wasila, a manta da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990.

Wajen littattafai mun sauƙaƙa wa kanmu. Duk tsohon littafi Abubakar Imam ne ya rubuta, duk tsohuwar waƙa ta Shata ce, duk magana mai hikima in ba Sardauna ba to Malam Aminu Kano. An gama. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce nasa ne, ba musu, amma Ganɗoki na yayansa ne Bello Kagara, Shaihu Umar kuma na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin jikin naira biyar, kuma da Shaihu Umar ɗin da Ganɗoki da Ruwan Bagaja duk gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ce ta haife su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ne, Ingawar nan ta Katsina da ba ta da nisa da mu, amma shi ma mun ƙwace mun ba Imam. Shata kansa mun raba shi tsakanin Funtuwa da Katsina, alhali a Musawa aka haife shi, a Daura kuma aka binne shi a 1999. Kuma kowa “ya karanta” Magana Jari Ce, juzu'i ukun duka. In ka matsa, labarin aku ne kawai ya saura a kai, shi ma a bakin malamin aji huɗu aka ji.

Ilmin dabbobi namu ne na gado, ba ma son shisshigi. Tozon raƙumi tulun ruwa ne, haka muka taso muka ji, duk da mahauta sun sha gaya mana kitse ne. Jemage kuma har gobe muna sa shi a layin tsuntsaye, ko da an nuna mana yana haihuwa yana shayarwa. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da gari ya rufe da hantsi, kaji suka nufi akurki, hedimasta ya yi ta bayanin wata ne ya gitta tsakaninmu da rana, muna gyaɗa kai, muna kuma leƙen ko an fara taruwa a masallaci, don shi bayani daban, tsoro daban.

A nan ne nake kallon dattijon ƙarshen benci. Wani dare ɗalibi ya zo da zumuɗi, ya karanto mana cewa masana sun gano gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, shi ya sa bai tare wa shuka rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Muka yi ta “ikon Allah, Turawa sun yi nisa”. Dattijo ya kurɓi shayinsa ya ce, “To da sai da aka rubuta?” Shekara hamsin yana ganin geron gindin gawo ya fi na fili, bai taɓa sare ko ɗaya ba. Da ɗalibi ya ƙara da cewa shamuwa kudancin Afirka take tafiya in ta bar mu, dattijo ya ce shi inda take zuwa ba ruwansa, ranar da ta dawo ta fara ɗaukar kara ita ce tasa, don daga nan yake fito da iri. Ya san ranar kowace kasuwa daga nan har bakin iyaka, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, ya san hadarin da zai zubar da wanda zai watse da iska. Duk wannan ba mu taɓa sa shi a lissafin masu sani ba, saboda bai san Kanbera ba. Shi ma, don kada a ce ya tsira, ya rantse an yi wasan Indiya.

Da wayar hannu ta shigo mun ɗauka musu ya mutu, tun da ga Google a aljihun kowa. Ina! Sai muka yi mata rigakafi. In ta goyi bayanka, ka ɗaga ta sama ka ce, “Ba na faɗa muku ba?” In ta saɓa maka, ƙofofi a buɗe suke. Ka ce Bature ne ya rubuta, me ya sani a kanmu. Ka ce tambayar ce yaron bai iya shigarwa ba. Ka ce sabis ne ba kyau, amsar ba ta gama saukowa ba. Mafi inganci dai ita ce ta direba, wadda ya ƙirƙiro daren Ostireliya da aka nuna masa Kanbera ƙuru-ƙuru: “To an canja ne. Da can Sidini ce.” Ba ta taɓa zama ba, amma wa zai bi dare ya tono? Akwai kuma alkawarin nan na “in ba haka ba ne shayin kowa a kaina”, wanda ba ma kiran sa caca tun da mun san hukuncinta, kuma tun da ba a taɓa biya ba.

Ni ma bari in fasa ƙwai. Shekarun baya aka tambayi inda Kogin Kwara ya faro, na ce Nijar, da murya irin ta mai labarai, don sunan ya yi kama. Ba wanda ya musa. Daga baya na gane daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Benin, ya shigo mana ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Na yi niyyar gyarawa, girman kai ya ce bari sai gobe. Bara ina zaune wani saurayi ya kawo mini maganata cif, na ce masa ba haka ba ne, ya ce, “Haba Yaya, a BBC fa aka faɗa.” Ƙaryata ta je Landan ta dawo da shaidar zama, ni da na haife ta na kasa korar ta.

Daren jiya da aka kwashe burodi, wuta ta fara mutuwa a murhu, mai shayi ya ce shi ma yau yana da kacici-kacici. Muka gyara zama, don bai taɓa shiga ba. Ya jawo kwalin da yake rubutu a bayansa ya ce, “Wa ya san nawa nake bin sa?” Tela ya ce a duba waya, ɗalibi ya ce caji ya ƙare. Hedimasta ya ce tambayar ba ta cikin manhaja. Direba, da ba ya barin tambaya ta kwana, ya ce nasa ɗari takwas ne cif, ko shakka babu. Mai shayi ya haska kwali da tocila, ya bi layi da yatsa, ya ce dubu biyu da ɗari uku. Direba ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce, “To an canja ne.”